Yadda ake share hotunan diyafo kafin a sa su a sikana

A gidaje da dama na unguwannin Birni da Zango a Damagaram akwai akwatin ƙarfe da ya shekara talatin ba a buɗe ba, cikinsa ƴan ƙananan hotunan nan na fim da ake haskawa a bango da majigi, waɗanda muke kira diyafo. Namu na Baba ne: hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kasuwar Dole, da wani suna da Inna kaɗai ta gane mutanen ciki. Yanzu kowa na son ya ga nasa a waya. Sai dai hoton milimita 24 ne a 36, in sikana ta faɗaɗa shi, ƙwayar ƙura guda sai ta zama tabo a goshin mutum.

Ƙurar Damagaram kuwa akwai yashi a cikinta. Wanda ya goge fim da bakin riga ya ja yashin nan a kan hoton, kuma in ya karce, ya karce ke nan. Shi ya sa iska ce farko, ruwan sinadari sai in dole ta sa.

Fara da ɗakin. Kashe fanka, rufe taga, yayyafa ruwa a ƙasa kamar za ka yi shara, ka ba shi ɗan lokaci. Da hunturu wannan ya fi muhimmanci, don bushewar iska kan sa fim ya riƙa jawo ƙura da kansa, irin yadda riga ke ƙas-ƙas in ka cire ta. Wanke hannu, ka sa safar hannu ta auduga, ka riƙe diyafo ta kwalinsa kawai.

Sai ka gane fuskokinsa biyu. Karkata shi a haske: ɗaya tana sheƙi, ita ce bayan fim, roba ce. Ɗayar dishi-dishi take, a nan hoton yake, cikin wani siririn shafe na jelatin, wani abu mai kama da busasshen ƙaro. A Kodachrome, wani fim mai launi na kamfanin Kodak, har za ka ga zanen hoton ya ɗan taso a wannan fuskar. Ita ce mai rauni.

Yanzu busa. Nemi ƴar robar busa iska ta masu kyamara. In babu, sabuwar robar zuƙe majinar jarirai ta farmasi tana yi. Kifa fuskar da kake sharewa ƙasa don ƙurar ta faɗi, ka matsa sau uku ko huɗu, ka juya. Kada ka hura da baki, yawu ne zai biyo. Abin da ya ƙi tashi, bi shi da burushi mai taushi sosai, wanda bai taɓa wani aiki ba, ka sake busawa. Yawancin hotunan Baba a nan aikinsu ya ƙare.

Wanda ya rage da tabon yatsa ko maiƙo, ka fara sa shi a sikana yadda yake, ka adana. Ko wani abu ya faru, kana da kwafi. Bayan nan ka ɗiga alkol isofirofil mai ƙarfin kashi 99 cikin 100, ko ruwan PEC-12 da aka yi don fim, a kan ƙyalle marar gashi, ba a kan fim ɗin ba. Ɗigo ɗaya ya isa. Shafa sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ban da murzawa, ka sauya wurin ƙyallen kafin ka maimaita, ka bari ya bushe. Alkol ɗin wanke ciwo mai 70 ka bar shi a wurinsa: sauran kason ruwa ne, ruwa kuma kumbura jelatin yake. Ka gwada da hoton da ba ka damu da shi ba, domin tsofaffin Kodachrome da yawa an shafe su da wani siririn fenti mai ƙyalli da alkol ke iya ɓatawa. An daina yin wannan fim a 2009.

In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, danshin damina ya kawo ta. Cin jelatin take yi, kuma wurin da ta ci, ruwa na taɓa shi zai narke. Alkol zai ɗauke ta sama-sama, amma ramin da ta bari sai gyara a kwamfuta. Ware irin waɗannan daga sauran, haka ma duk wanda ke warin tsami, alamar robar ta fara ruɓewa ce.

Wasu sikana suna da Digital ICE, wata fasaha mai goge tabon ƙura daga hoton da kanta. Tana aiki da Ektachrome, wani fim ɗin Kodak mai launi, amma da Kodachrome da fim mai fari da baƙi takan ɓata hoton, gara a kashe ta. Ka share gilashin sikana shi ma, ka riƙa busa kowane diyafo daidai lokacin da za ka saka shi, don wanda ka share ka ajiye a tebur tun safe ya riga ya sake kwasar ƙura.