Yadda ake taimakon tsuntsun daji da ya ji rauni kafin a kai shi wajen likita

Shirwa ta farko da na tsinta a bayan makarantar unguwarmu, yara sun harbe ta da danƙo, da hannuna na ƙarasa ta ban sani ba. Na buɗe mata baki na ɗura ruwa don tausayi, ko minti goma ba ta ƙara ba. Daga baya wani likitan dabbobi ya nuna min ashe ƙofar maƙogwaron tsuntsu a gindin harshe take, ruwan da na zuba huhu ya wuce. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake so ku san wannan.

Da farko tsaya ka duba tukuna. Idan ɗan tsako ne mai gashi yana tsalle-tsalle a ƙarƙashin bishiya to koyon tashi yake, iyayensa na kusa, kore kyanwa da yara kawai ka tafi. Idan kuma ka ga wuyan tsuntsu ya murɗe yana layi, ko ka tarar da matattu da yawa wuri guda, kar ka taɓa, kira jami'an lafiyar dabbobi, murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana kama mutum. Wanda za ka ɗauka shi ne mai jini, ko mai jan fiffike ɗaya a ƙasa, ko wanda ka matso bai gudu ba.

Wajen kamu samo tsohon zani ko tawul ka lulluɓe shi gaba ɗaya har kai, da ya daina gani zai lafa, sai ka haɗe fukafukan da jikinsa ka ɗaga, amma kar ka matse ƙirji don da shi yake numfashi. Shaho da mujiya farcensu ne abin tsoro, riƙe ƙafafun ta cikin zanin. Zalɓe kuwa ido yake nema da bakin nan nasa, nisanta fuskarka.

Sai kwali. Huda ƙananan ramuka, shimfiɗa tsumma, saka shi ka rufe ka kai ɗaki mai duhu da shiru, nesa da kajin gida. Keji ba ya yi, zai ta dukan waya har gashin ya lalace. Lokacin hunturu zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tsumma ka ajiye a gefensa, da bazara inuwa ta isa. Kuma don Allah a hana yara leƙe, na san da wuya, kowa so yake ya gani, amma a wajen tsuntsun nan kai dodo ne, tsoro kaɗai na iya kashe shi. Wanda ya bugi gilashin taga sau da yawa awa ɗaya ko biyu a kwalin nan ya ishe shi farfaɗowa.

Wajen ba shi abinci da magani ne ake garin gyaran gira a rasa ido. Ba madara, ba koko, ba burodi. Ba farasitamol, ba maganin ciwon jiki na kemis, diklofenak da ake yi wa shanu allurarsa shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, sama da kashi 90 cikin ɗari suka mutu. Idan jini na zuba danna auduga mai tsabta na ƴan mintuna. Ciwo a wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, kar a shafa toka ko baƙin mai ko man shafawa, maiƙo ɓata gashi yake. Ka gama ka wanke hannu da sabulu.

A ranar ka nemi likita, kar ka ce sai jibi. Ƙashin tsuntsu cikin sati biyu zuwa uku yake haɗewa, in ya haɗe a karkace shi da tashi har abada, kuma ɗorin gida ba ya yi masa. Cizon kyanwa ko da huda ɗaya ce yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da gaggawa. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, in sun yi maka nisa je asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ka faɗa musu inda ka tsince shi da lokacin.

In ya warke gwada shi a ɗaki ka ga yana tashi sama sosai, sannan ka mayar da shi daidai inda ka same shi. Tsuntsun rana da safe, mujiya bayan magariba inda babu masu jifa, ɓerayen rumbunka take ci. Shamuwa kuma a yi ƙoƙari a sake ta kafin damina ta ƙare ƴan uwanta su wuce kudu su bar ta.