Yadda zaka fitar da naka jerin wuraren da suka fi burgewa a wata ƙasa

To in kana so ka zaɓi wuraren da suka fi burge ka a wata ƙasa, kar ka fara da abin da kowa ke ɗorawa a intanet, fara da tambayar kanka wai me ke sa in tsaya baki buɗe, gini ne ko dutse da ruwa ko wurin ibada. Samu takarda ka rubuta duk wanda ya zo maka ko ashirin ne, sannan ka leƙa jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don kar wani ya kuɓuce maka.

Ɗauki Masar misali. Dalar Giza dole ta shiga, shekara wajen 4,500 tana tsaye, amma ni wallahi Abu Simbel, wani tsohon wurin bauta da aka sassaƙa a jikin dutse, ya fi taɓa ni, tsakanin 1964 da 1968 aka yanka wurin gunduwa-gunduwa aka haura da shi tudu don kar ruwan dam ɗin Aswan ya cinye shi, ka kalli gumakan Fir'auna Ramsis huɗun nan a zaune, ɗaya ma ya karye kansa na yashe a ƙasa gaban ƙafafunsa. Sai Masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970.

Yanzu sai ragi. In biyu iri ɗaya ne cire ɗaya, wanda kuma ka kasa faɗin dalilin sonsa a taƙaice shima ya fita. Tsaya a biyar, ka buɗe taswira ka ga ko zasu haɗu a tafiya guda, don Abu Simbel can kudu yake dab da iyakar Sudan, nesa sosai da Alƙahira.