Yadda Ake Ziyartar Angra do Heroísmo, Tsohon Zangon Jiragen Ruwa a Tsakiyar Teku

Angra do Heroísmo birni ne da ke tsibirin Terceira, ɗaya daga cikin tsibirai 9 na Azores, waɗanda ke ƙarƙashin ƙasar Fotugal a tsakiyar Tekun Atlantika. A da, tun daga ƙarni na 16, jiragen ruwa masu dawowa daga Indiya da nahiyar Amurka a nan suke ya da zango, su ɗebi ruwan sha, su gyara abin da guguwa ta lalata, sannan su ƙarasa gida. An ba garin matsayin birni a 1534, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsakiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1983. Wanda ya riƙe wannan tarihi a ransa zai fahimci dalilin da ya sa manyan titunan garin suke gangarawa zuwa bakin teku.

Shirin tafiya daidai yake da na zuwa Fotugal: bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ga wanda fasfonsa ke bukatarta, da kuɗin yuro. Daga Lisbon, babban birnin Fotugal, jirgin sama yakan ɗauki kimanin awa biyu da rabi kafin ya sauka a filin jirgi na Lajes, daga nan kuma tasi ko motar haya za ta kai mutum Angra cikin kusan rabin awa. A mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin lokacin tsibiran yana bayan na Lisbon. A sa rigar ruwa a jaka ko da an fito da rana tsaka, saboda hadari yakan taso ba zato, kuma a zaɓi takalmi mai kama ƙasa, tun da duwatsun da aka shimfiɗa a tituna suna da santsi idan sun jiƙe.

Shawarata ita ce a ajiye mota, a fara yawon da ƙafa daga tashar jiragen ruwa, wurin da matuƙan da suka sauka a da suke fara taka ƙasa. A nan cocin Misericórdia mai shuɗin fenti yake fuskantar teku. A bi titin Rua Direita a hau zuwa dandalin Praça Velha, ana duban gidaje masu barandar ƙarfe da tagogi masu launi iri-iri, sannan a karkata zuwa babban cocin Sé, wanda aka fara gininsa a 1570. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne cewa girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Janairun 1980 ta ragargaza babban ɓangare na wannan gari, amma mutanensa suka sake gina shi bisa tsohon fasalinsa, maimakon su share kango su kafa sabbin benaye.

Gidan tarihin garin yana cikin tsohon gidan ibada na São Francisco, inda aka binne Paulo da Gama, wan shahararren matuƙin nan Vasco da Gama; rashin lafiya ya kashe Paulo a nan a 1499 suna kan hanyar dawowa daga Indiya. Kusa da shi akwai lambun Duque da Terceira, kuma duk wanda ya daure ya hau matakalarsa har zuwa Alto da Memória zai ga jajayen rufin gidaje da tashar baki ɗaya a ƙasansa.

A ware wa dutsen Monte Brasil rabin yini guda. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya kutsa cikin teku, kuma a wuyansa Sifaniyawa suka fara gina ganuwar São João Baptista a ƙarshen ƙarni na 16. A wannan ganuwa aka tsare Gungunhana, sarkin Gaza na ƙasar Mozambik, wanda Turawan Fotugal suka kawo a 1896, ya rasu a tsibirin a 1906 bai sake ganin ƙasarsa ba. Bai kamata baƙon da ya fito daga Afirka ya wuce wurin da gaggawa ba. Har yanzu sojoji suna amfani da wani sashe na ganuwar, don haka a kiyaye alamomin hana shiga.

Batun abinci yana bukatar lura. Alcatra, naman shanu da ake dafawa a tukunyar ƙasa, shi ne abin alfaharin tsibirin, sai dai bisa al'ada ana zuba masa giya da kitsen alade. Wanda ba ya cin waɗannan ya nemi gasasshen kifi, ya kuma haddace kalmomin "sem porco" da "sem vinho", wato ban da alade, ban da giya.

A watan Yuni ake bikin Sanjoaninas, lokacin da masauki ke wuyar samu, saboda haka a kama ɗaki tun da wuri. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma ana wasa da bijimin sa a titunan ƙauyuka, inda maza masu fararen riguna da baƙaƙen huluna suke riƙe da doguwar igiyar da aka ɗaura wa san a wuya. Igiyar ba ta hana shi kai ƙaho, don haka baƙo ya nemi kan katanga ko baranda tun kafin a harba rokar da ke sanar da cewa an saki san.