Darasi na Bakwai: Zaɓen A-kori-kura Ta Hannu Don Jan Tirelar Kwana

Tirelar kwana ɗaki ne mai tayoyi. A cikinta akwai gado da wurin girki da tankin ruwa, wata ma har da banɗaki. Ba ta da inji, sai an ɗaura ta a bayan mota an ja. Motar da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce a-kori-kura, irin su Ford F-150, Toyota Hilux, Chevrolet Silverado da Ram 1500. Da yake sabuwa tsada gare ta, mutane da yawa ta hannu suke nema.

Tirela tukuna, sannan mota

Kada ka sayi mota sannan ka shiga neman abin da za ta iya ja. Fara sanin nauyin tirelar. A jikinta akwai ƙaramin allo mai ɗauke da lambobi. Ɗaya nauyinta ne ba komai a ciki, kuma shi mai sayarwa ya fi son faɗa. Amma ba wanda yake tafiya da tirela wayam. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga tukunyar gas, ga batir, ga kayan sawa da na girki. Lambar da za ka riƙe ita ce wadda ke gaban haruffan GVWR, wato iyakar nauyin tirela da duk kayanta.

Ƙarfin ja daban, ƙarfin ɗauka daban

A nan ne aka fi yin asara, don haka mu ɗan zauna a kai.

Kowace a-kori-kura tana da lambobi biyu. Ta farko nauyin da za ta iya ja. Ta biyu nauyin da za ta iya ɗauka a jikinta. Ta farko ake talla da ita saboda ita ce babba. Ta biyu kuwa tana maƙale a takardar da ke jikin ƙarfen ƙofar direba, sai ka buɗe ƙofa ka sunkuya kafin ka gan ta. Kuma yawanci ita ce take fara cika.

Dalili shi ne tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsayawa ba. Hancinta yana danne ƙugiyar bayan mota. A irin tirelolin da ake ƙerawa a Amurka, wannan danni yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. Duk wannan a wuyan motar yake, tare da direba da fasinjoji da duk abin da aka loda a bodi.

Ga misali, ɗauki fensir mu yi tare. Mota an rubuta za ta ja kilo 3,500, za ta ɗauki kilo 650. Tirela da kayanta kilo 2,800 ce. Kallo ɗaya za ka ce ai da sauran wuri. To lissafa. Kashi 12 cikin ɗari na 2,800 shi ne 336. Mutum huɗu a mota, a ce 280. Ƙarfen ƙugiya 40. Kaya a bodi 100. Jimla 756. An zarce da kilo 106, alhali ƙarfin ja ba a kai shi ba.

Motar da aka yi wa haka bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba su rage kama titi, sitiyari ya yi sakayau a hannu, burki ya ƙi ci da wuri. Wani zai ce to a mayar da kaya can bayan tirela don hancin ya yi sauƙi. Wannan ya fi haɗari. Hanci in ya yi sauƙi da yawa, tirela takan kama lilo hagu da dama, musamman in babbar mota ta gifta ko iska ta taso, har ta kai ga kifar da motar.

Ka kuma sani, motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai. Girman inji, tsawon mota da irin haƙoran aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, duk suna canza nauyin da za ta iya ja. Haƙoran aksul da lamba ake faɗarsu, za ka ji ana cewa 3.55 ko 3.73 ko 4.10. Mai babbar lamba ta fi ƙarfin tashi da kaya, ta kuma fi shan mai. Doguwar mota ta fi gajera riƙe tirela. Saboda haka takardar da ke jikin wannan motar ce shaida, bakin mai sayarwa ba shaida ba ne.

Duba motar

Je da rana, kuma tare da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ka roƙi kada a tayar da injin kafin ku iso, domin inji mai sanyi ne yake fallasa kansa. Hayaƙi shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri wanda ya ƙi ɗaukewa yana iya nufin ruwa na shiga inji.

Shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashi da tocila. Fenti da kujeru ba su ne ke jan tirela ba, shasi ne, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. Bi shi da ido tun daga gaba har baya, ka ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Tsatsar sama-sama ba komai. Wadda ke ɓarewa fale-fale, ko wurin da ƙarfe ya lotsa, ko sabuwar walda kusa da inda aka ɗaure ƙugiya, wannan ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka tafi.

Jan kaya giya yake fara ci, saboda zafi. In motar mai sauya giya da kanta ce kuma tana da sandar awon man giya, zaro ka goga a farin ƙyalle. In man ja ne mai haske, lafiya lau. In ya yi duhu yana ƙauri, giyar ta sha wuya. Leƙa gaban lagireto ka ga ko akwai ƙaramin abin sanyaya man giya. Motar da aka shirya don ja tun daga kamfani takan zo da shi, da soket ɗin wutar tirela a baya.

Tayoyi ma suna da shekaru. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a ƙarƙashin kaya.

Sai burki. Tirela mai nauyi da nata burkin take zuwa, kuma in na lantarki ne sai da na'urar sarrafa shi a cikin mota, kusa da sitiyari. In babu, ana iya sa wa, amma ka sa shi a lissafinka. Kafin ka biya, gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ta cikin takardu. Sannan ka tuƙa motar, ka hau tudu da ita kana kallon gejin zafi.

Man gas (wato dizal) ko fetur? Injin man gas ya fi ƙarfin ja a hawa, gyaransa kuma ya fi cin kuɗi. Mai ƙaramar tirela da ba kullum yake fita ba, fetur ya ishe shi.

Aiki

1. Tirela da kayanta kilo 2,000 ce. Kilo nawa ne kashi 12 cikin ɗari?
2. Mota tana ɗaukar kilo 700. Mutane da kaya sun cinye 420. Za ta iya da tirelar da ke tambaya ta ɗaya?
3. An rubuta 0821 a gefen taya. Yaushe aka yi ta?
4. Nemi a-kori-kura mafi kusa da kai, ka nemi izinin mai ita, ka kwafo lambobin jikin ƙofar direba a littafinka don mu duba tare a aji.