Kurakuran da ake tafkawa a labarin matafiya na kimiyya

Kwanan nan yara masu rubutu suna ta turo min labaransu a WhatsApp, wasu kuma a Samaru muke haɗuwa su miƙo min takarda, irin labarin nan da za a zuba matafiya a kumbo guda kowa ya ba da nasa, kuma wallahi kuskuren kusan iri ɗaya ne.

Babban kuskuren shi ne a manta da tafiyar kanta. Mutum biyar sun shiga kumbo a shafi na 2, daga nan sai labari bayan labari, kumbon ko motsi bai yi ba har ƙarshe. To ina amfanin tara su? Duba Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya, aku ba don nishaɗi kawai yake zuba ba, so yake ya riƙe Musa ɗan sarki kar ya fita, ga waziri can yana ƙulla nasa makircin. Gyaran shi ne duk wanda ya gama magana, wani abu ya canja tsakaninsu, a fara zargin wani ko a daina ci da shi a kwano ɗaya.

Sai murya. Soja, malami, tsohuwa mai sayar da ƙosai a duniyar Mars, duk bakinsu ɗaya, bakin marubucin. Haba malam! Ka hau mota daga Kwangila zuwa Kano ka kasa kunne, kafin Kwanar Dangora ka san waye ɗan kasuwa waye ɗalibi ko ba ka waiga ba. Marubuci Dan Simmons a littafinsa Hyperion na 1989, wanda ya ci Hugo, kyautar labaran kimiyya, a 1990, haka ya raba muryoyin matafiyansa: na limamin coci ya zo a littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, na mai bincike ya zo kamar labarin 'yan sanda, shi kuma mawaƙin bakinsa duk ashar.

Wasu kuma labaran nasu ba abin da ya haɗa su. A Hyperion su bakwai ne, kuma kowa akwai abin da ya taɓa haɗa shi da duniyar da za su ko wani dodo da ke can mai suna Shrike, sai ka ga abin da wannan ya hango daga nesa wancan ya gan shi ido da ido. Ɗaya ma ɓacewa ya yi bai ba da nasa ba, shida aka ji.

Bayanin injin kumbo shafi uku kuwa, yanke shi kawai.

Kuma don Allah a rage jama'a. Wata ƙanwata ta turo min mai matafiya 14, na ce mata ta sauke goma a tasha, har yau ba ta amsa sallamata ba.