Kurakuran da masu ƙaura zuwa wata jiha ke yi wajen zaɓen gonar saye

Magidancin da ya yanke shawarar tashi daga Katsina ko Kano ko Sakkwato ya koma Nasarawa ko Taraba ko Neja domin noma, yakan tafi ne da idon garinsu, kuma daga nan yawancin kurakuran suke farawa. A mahaifarsa ya san wanda ya gaji kowace gona, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, ya san dattijon da maganarsa ke kashe rikicin iyaka. A baƙon wuri babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a hannunsa, sai dillali da farashi mai daɗin ji. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar kadara a ko'ina cikin ƙasar, saboda haka doka ba ta hana shi ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne yadda suke zaɓen wurin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuwa duba gona da rani kawai. Dalilinsa a fili yake, domin bayan kaka ne kuɗi ke hannu, hanya ta bushe, mota tana shiga har bakin gona. Amma filin da ya yi kyau shimfiɗe a watan Fabrairu yana iya zama tafki a watan Satumba. Duk wanda zai sayi ƙasa a kwarin kogin Binuwai, daga Adamawa zuwa Taraba da Binuwai da Nasarawa har Lokoja inda ya haɗu da kogin Kwara, ya kamata ya tambayi inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan ruwan sama mai yawa. Haka nan wanda ke neman fadama a kwarin Haɗeja, wajen Auyo da Ringim, sai ya san cewa ruwan da ke fitowa daga madatsun Tiga da Challawa yana bi ta can, kamar yadda mazauna ƙasan Kainji da Jebba da Shiroro a jihar Neja suka san nasu. Gyaran wannan kuskure ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, haƙuri yake buƙata: a jinkirta ciniki har a ga gonar a tsakiyar damina, a taka ta da ƙafa, a dubi shatin ruwa a jikin bishiyoyi da katangun ƙauyen. A wannan zuwan ne kuma ake gane gaskiyar hanya, domin gonar da motar ɗaukar kaya ba ta iya kai mata daga Yuli zuwa Oktoba, kuɗin dako kaɗai zai cinye ribar amfaninta.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, wato sayen gona daga hannun wanda ba shi kaɗai ke da ita ba. Mafi yawan gonakin karkara na gado ne, kuma da yawa ba a raba su ba tun rasuwar kaka. Sai babban wa ya tsaya ya sayar, ya karɓi kuɗi, ya kawo shaidu biyu daga abokansa; bayan shekara uku, lokacin da mai saye ya share, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, sai ƙanwar da ke aure a wani gari ko ƙanen da ke ci-rani a Legas ya dawo ya ce bai sani ba. A inda ake bin shari'ar Musulunci kan gado, wanda ke tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓi rabon da aka sayar. A wuraren da al'adar ƙabila ke aiki kuwa, kamar sassa da yawa na Binuwai da Filato da kudancin Kaduna, ƙasa ta dangi ce, kuma ciniki ba ya tabbata sai shugaban gidan da manyan dangin sun amince. Akwai ma inda mai gonar a ransa aro ko jingina ya bayar, mai saye kuma a ransa saye ya yi, kowa ya tafi gida da fahimtarsa, sai 'ya'yansu su gaji rigimar.

Maganin wannan shi ne mai saye ya ƙi gaggawa, ko da dillali ya rantse cewa akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba zai kasance a wurin ba ranar da sammaci ya zo. A nemi sanin yadda gonar ta shigo hannun mai sayarwa, a tara dukkan magada maza da mata su sa hannu, a je gaban mai unguwa da dagaci, sannan a yi magana da maƙwabtan gonar na kusurwa huɗu ba tare da mai sayarwa yana tsaye a wurin ba. A rubuta a takarda ƙarara cewa sayarwa ce, ba aro ba ce, ba jingina ba ce. A kuma ambaci bishiyoyin da ke ciki, domin a wurare da dama ɗorawa da kaɗanya suna da mai su daban, kuma mutum yana iya sayen ƙasa ya wayi gari ya ga mata suna tsintar ƙwara a gonarsa da cikakken iko.

Daga nan sai batun takardu, inda mutane ke rabuwa gida biyu kuma dukansu suna kuskure. Wasu suna ganin hatimin dagaci ya isa, wasu kuma suna ganin duk takardar da ke ɗauke da tambarin gwamnati ta gama magana. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da mutum ke saya a zahiri shi ne haƙƙin zama da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma dokar ta taƙaita ta ga hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo, sai fa idan gwamna ya amince da ƙari. Idan kuwa gonar tana da takardar mallaka ta gwamna, sauya ta zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamnan. Takardar dagaci shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki a gaban jama'a, amma ba ta gaya wa mutum ko gwamnati ta riga ta ware wurin domin wani aiki ba. Wannan sai a ofishin filaye na jihar, irin su NAGIS a Nasarawa da KADGIS a Kaduna, bayan safiyo mai lasisi ya auna gonar ya fitar da taswirarta. Yankin babban birnin tarayya hukuncinsa daban ne, domin ƙasarsa gaba ɗaya tana hannun gwamnatin tarayya, kuma ministan Abuja ne ke da ikon bayarwa. Wanda ya sayi gona a ƙauyukan Kuje ko Kwali da takardar sarki kawai, ya san cewa a kan ƙafa ɗaya yake tsaye.

Binciken ofishin filaye ne kuma ke tona wani tarkon da baƙo ba ya gani da ido: gandun daji na gwamnati, da makiyayar da aka keɓe tun dokar 1965 ta tsohuwar jihar Arewa, da burtali. Burtalin da aka daina bi shekara goma bai daina zama burtali ba a wurin makiyayin da kakansa ya bi ta nan, kuma gonar da ta toshe hanyar mashaya rigima ce da aka saya da kuɗi. Wanda kuma yake da niyyar zuwa da shanunsa, ya binciki dokar jihar tukuna, domin Binuwai ta haramta kiwon sake tun 2017.

Awo ma yana cin mutane. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa ba ta wuce murabba'in mita 4,047 ba, wato hekta ta kusa eka biyu da rabi. Kalmar kadada wani hekta yake nufi da ita, wani eka, saboda haka kada a yi ciniki da ita sai an auna an kafa turakun siminti a gaban maƙwabta.

Akwai kuma ɗaukar noman gida a kai shi inda bai dace ba. Manomin gero da ya saba da jigawa da damina ta wata uku zuwa huɗu, idan ya sauka kudancin Taraba ko Lafiya zai tarar da ruwa na wata shida ko fiye, da ciyawa mai tashi kamar ana korar ta, da ƙasar da ta fi son doya da rogo da riɗi da masara. Wannan ba aibu ba ne, amma yana sauya lissafin ƙwadago da maganin feshi da ma irin da za a shuka. Abin da maƙwabta ke nomawa shi ne shaidar farko kan ƙasar, kuma idan aka ga wuta-wuta ta cika gonakin dawa na kewaye, alama ce ƙasar ta gaji. Ruwan sha shi ma kada a ɗauka tabbas ne. A yankunan da dutse ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, kamar yawancin Kaduna da Filato, ana iya haƙa rijiyar burtsatse a kashe kuɗi a fito babu ruwa, don haka a tambayi zurfin rijiyoyin ƙauyen da ko suna ƙafewa a watan Afrilu.

Sai arahar da ta wuce hankali. Gonar da aka yi wa kuɗi rabin na maƙwabtan gari, sau da yawa masu ita sun daina iya zuwa ne, musamman a ƙauyukan da ke bakin dazuzzuka irin na Birnin Gwari da Rugu. A ra'ayina tambayar tsaron wuri ba dillali ake yi wa ita ba, ba kuma hakimi ba, domin kowannensu yana da dalilin kare sunan ƙasarsa. Direbobin tasha da masu sayen hatsi a kasuwar mako su ne suka san hanyar da ake bi da wadda aka daina bi bayan la'asar, kuma sun san ƙauyen da aka yi noma aka kasa girbi.

Hanyar da ta fi rage dukkan waɗannan haɗura ita ce mutum ya fara da hayar gona damina ɗaya ko biyu a yankin da yake so, ya kama ɗaki a garin, ya je gaisuwa wurin dagaci da sarkin noma, ya halarci suna da jana'iza, ya bar iyalinsa a gida tukuna har ya ga nisan makaranta da asibiti da idonsa. A cikin wannan zaman zai ji gonar da ake shari'a a kanta da wadda magadanta suka haɗa kai suna son sayarwa, kuma farashin da za a gaya masa a shekara ta biyu yakan sauko ƙasa da wanda aka yanka masa ranar da ya sauka daga mota.