Darasi na 7: Haɗa Lemon Mangwaro da na Kankana a Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu mangwaro yakan cika kasuwa, ya yi arha har wani ya ruɓe a kwando. A daidai lokacin ne zafi ke tsananta, yara na ta zarya shago sayen lemon roba. Alhali nunannun mangwaro 4 da ruwa kofi 3 sun isa a yi wa mutum 5 lemo a gida.

Ku fara da wanke hannu da sabulu. Ku wanke mangwaron kafin ku sa masa wuƙa, domin wuƙa ce ke kwasar dattin ɓawo ta kai shi ciki. Wanda ya fashe ko tsutsa ta shiga, ku ware shi. Sai ku fere, ku yanka, ku cire ƙwallon. Mai blanda ya zuba da ruwan ya markaɗa. In babu blanda, ko an ɗauke wuta, a zaɓi mangwaro mai laushi sosai, a murje shi a rariya da bayan ludayi, a zuba ruwa a burga da maburgi. Kada a tace shi tas. Kaurin nan da wasu ke zubarwa yana riƙe ciki, yana kuma sauƙaƙa bayan gida.

Wurin ruwa ne aka fi yin sakaci. Mangwaro mai kyau ba ya gyara ruwa marar tsabta. In ba ku amince da ruwanku ba, ku tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ku rufe ya huce. Haka ƙanƙara: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin taifot da kwalara. In ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ku jefa ta cikin lemo. Ku zuba lemon a gora, ku rufe, ku tsoma gorar cikin bokitin ƙanƙara. Zai yi sanyi yadda ake so.

Sai maganar sukari. Ku ɗanɗana tukuna, domin nunannen mangwaro sau da yawa ba ya bukatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin cokalin shayi 12, kuma wannan ya haɗa da na shayin safe, na kunu da na lemo. Kwalbar lemon shago guda ɗaya kan cinye fiye da rabin wannan. Wanda ya cika nasa lemon da sukari bai tsira da komai ba sai kuɗin kwalba.

Kankana ta fi sauƙi, ba ta son ruwa ko sukari. A cire 'ya'yan, a markaɗa jan, a goga 'yar citta ɗanya, a matsa rabin lemon tsami. Sai dai tana saurin lalacewa. A sha nan take, ko a sa a firij a shanye a ranar. Lemon da ya fara kumfa yana warin tsami, a zubar.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kawai yake sha. Wanda bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi lemo, kada a ba shi zuma. Yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari na asibiti yake bukata, ba lemo ba. Mai ciwon sukari kuma gara ya ci 'yan yanka kaɗan da ya sha kofi cike.

Aikin aji

Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rubuta: ɓawo, ƙwallo, ƙanƙara, ɗanɗano, rariya.

In mangwaro 4 sun ishi mutum 5, guda nawa za a saya wa baƙi 15? Ruwa kofi nawa za a tafasa?